Muryar Da Na Ara Wa Baturiya

Jama'ar wannan shafi, na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in daina jan rai in faɗi abin da ya hana ni cin abinci. To Hajiya, gyara zama. Ga waɗanda yau suka fara leƙowa kuma: sunana Ummulkhairi, muna zaune a Gusau amma asalinmu Furfuri, na gama karatun koyarwa ina zaman jiran aiki, kuma ina son wani mutum, Hamza, wanda sana'arsa fassara finafinan waje zuwa Hausa. Abin da ya hana ni cin abinci shi ne, muryata da sunana suna yawo cikin wani fim a wayoyin mutanen daji, yayana Ɗahiru kuwa direban motar haya ne a hanyar Tsafe.

Kun dai san yadda fassara take. Mutum ɗaya ne zai zauna gaban kwamfuta ya zama jarumi, ya zama mugu, ya zama tsoho mai tari, sannan ya maƙe murya ya zama budurwa. Wannan maƙe muryar ita ce ta tsaya wa Babanmu, Malam Tambaya, a maƙoshi. Baba awon hatsi yake yi a kasuwa tun da gonarmu ta Rawayya ta gagari zuwa, kuma mutum ne da ba ya ƙara magana ba ya rage ta. Wata safiya ina shara ya kira ni gindin darbejiyar tsakar gida inda yake shan koko.

"Ummu, yaron ga ba don talauci nika ƙi nai ba," ya ce. "Amma namijin da ka cin abinci da muryar mata, in anka tambaye ni mi surukina ka yi, mi za ni cewa?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da tsintsiya.

"Ki hwaɗa mai, in anka gama kai amfanin gona gida bai turo magabata da sana'ar da ka hwaɗuwa gaban mutane ba, shi nemi wani gida."

Inna tana tankaɗe a ƙofar madafi, ba a sa da ita ba ta sa kanta. "Husna da kunka yi makaranta tare har ta yaye. Ke kina nan kina jiran mai kwaikwayon Indiyawa."

Ranar dai tsakar gidanmu ya sha sharar da bai taɓa sha ba.

Da la'asar Hamza ya zo zance, cikin shaddarsa ruwan ƙasa da ta sha guga, hula a karkace, igiyar iyafis a wuya wadda ko masallaci zai shiga sai dai ya tura ta cikin riga. Na sa atamfata kore mai zanen ganye, na yafa mayafi ruwan madara, muka zauna a dakalin ƙofar gida. Na zayyana masa maganar Baba ban rage komai ba. Na ɗauka zai damu, sai na ga yana murmushi yana laluben aljihu.

"Ai na samo maganin Baba," ya ce. "Daga yau na bar muryar mata. Ke za ki riƙa yi."

"Hamza, kana da lahiya kuwa?"

"Tsaya ki gani tukuna."

Ya kunna min wani tsohon fim na Amurka, na kaboyi, baƙi da fari, wanda aka yi a shekarun alif ɗari tara da hamsin da wani abu, tun Baba bai zo duniya ba. Sunansa na Turanci ko na rubuta ba zai amfane ku ba. Hamza ya raɗa masa Garin Da Aka Bari. Labarin wani ƙaramin garin manoma ne da ɓarayin shanu suka addaba, su zo kan dawaki su kwashi abin da suka ga dama, hukuma kuma tana can nesa. Maza suka yi ta tattara iyalansu suna gudu, aka bar wata budurwa da tsohon ubanta a gona. Ban daɗe ina kallo ba na ji tsigar jikina ta tashi. Cire dawakin ka sa babura, ka ga Rawayya.

Shi fa Hamza in ya fara labarin matattun Turawa sai dai ka yi haƙuri. Mutumin da in ka tambaye shi sunan kakan kakansa zai tsaya sosa ƙeya, amma ya san sunan dokin da aka yi hayarsa a wani fim a Amurka tun zamanin da ake biyan haraji da kwabo. Ya ce garin nan da nake gani ba gari ba ne, fuskokin gidaje ne na katako aka kafa a tsakiyar hamada aka tokare su ta baya, har iska ta taɓa kwantar da rabin garin sai da aka sake tayar da shi. Jarumin da ke ta zazzare ido tsoron doki yake yi. Duk inda aka nuno shi daga ƙugu zuwa sama yana sukuwa, a kan ganga yake zaune ƙarti suna jijjiga shi. Mugun kuwa, mai baƙar hula da tabo a kumatu, malamin makaranta ne kafin ya shiga fim, in an tashi aiki shi ke zagayawa yana zuba wa ma'aikata shayi.

"Ita kuma wagga sunanta Lona Haskit," ya ce, ya tsayar da hoton a kan budurwar. Doguwa ce, gashi a ɗaure ta baya, da doguwar riga mai ɗigo-ɗigo. "Amma muryar da kinka ji ba tata ba ce. Yashin hamada ya shaƙe ta ana tsakiyar aiki, murya ta dushe. Sai sunka ɗauko wata mata mai aikin haɗa waya a ofishinsu, ta yi maganar fim ɗin duka daga farko har ƙarshe. Lona ta yi suna duniya, ita ko sunanta ba a rubuta ba. Sai bayan ta rasu ɗiyarta ta hwaɗa ma 'yan jarida."

"Allah sarki," na ce.

"Kin ga ke nan dama can da aron murya anka yi fim ɗin ga. Ki ara mata taki."

Da na san abin da labarin matar nan yake ƙullawa a zuciyar Hamza, da na tashi na shige gida. Amma ni a lokacin lissafina ɗaya ne: in mace ta yi muryar mace, Hamza zai iya tsayawa gaban Baba ya rantse ya daina. Wace macen ce kuma, wannan ba sai Baba ya sani ba. Na ce na yarda, da sharaɗin daga ni sai shi sai Allah.

Ban taɓa taka shagonsa ba, kada ma wata ta fara min wa'azi. Yakan yanko fim ɗin gutsure-gutsure ya turo min ta waya babu sauti, da abin da zan ce a rubuce a ƙasa. Ni kuma da hantsi, in Baba ya tafi kasuwa Inna ta tafi islamiyyar matan aure, sai in shige ɗakin ajiya in zauna tsakanin buhunan masara, in lulluɓa da bargon Inna don kada sauti ya yi amo, in yi ta yi ina haɗa gumi. Nakan ɗan ƙara wa muryata kauri don kada a gane. Zakaran maƙwabtanmu ya ɓata min aiki ya fi a ƙirga, kuma har gobe na yarda da gangan yake yi. Saƙonninmu na lokacin suna nan a wayata:

Hamza: Kin yi sauri. Lona ba ta ruhe baki ba kin gama.

Ni: To ita ta cika surutu.

Hamza: Turanci ne ka da tsawo. Abin da za su yi ta hwaɗi, mu da kalma uku mun gama.

Ni: To ya zan yi da sauran bakin?

Hamza: Ki cika da abin da kinka ga dama. In dai kun ruhe baki tare.

Ashe ƙa'idar aikin ke nan. Muddin bakin Bature yana motsi, dole mai fassara ya samo abin da zai zuba a ciki. Shi ya sa kuke jin kaboyi yana zancen garin kwaki da tsadar mai.

Sai aka zo wurin da mai baƙar hula ya tsaya a ƙofar gona da yaransa, Lona ta fito ta tare shi. Abin da Hamza ya rubuto gajere ne: Babana ba shi da lafiya, ku tafi. Amma bakin Lona ya daɗe yana motsi. Ina zaune cikin buhunan masarar da Baba ya saya a kasuwa, mutumin da a da shi ke aika wa dangi masara kyauta, sai na ji wani abu ya taso min daga ciki. Na tuna ranar da ya dawo daga Rawayya babu takalmi a ƙafarsa, kuma har yau bai gaya mana abin da aka yi masa ba. Na danna waya na ce:

"Kai ba namiji ba ne, bindigar ce namijin. Ajiye ta ka zo ka ɗauki zangarniya ɗaya a gonar ubana in ka isa. Wadda ta haife ka ma ba ta iya faɗin sunanka cikin mata."

Ni da Lona muka rufe baki tare. Hamza ya cika min waya da hotunan wuta da na tafi.

Fim ya fita. Hamza ya ce kada in kalla, in bari sai ranar da Baba ya amince mu zauna mu kalla tare, ni kuma na biye masa don soyayya tana sa mutum ya yarda da shirme. Masu tura finafinai a kasuwa suka yi ta zuba wa mutane shi a memori, daga wannan waya zuwa waccan. Ba a jima ba na fara jin yaran unguwa suna wasan bindigar kara suna cewa bindigar ce namijin. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. In na wuce su har wani rangwaɗa nake ƙarawa.

Ana haka Gwaggo Indo, ƙanwar Baba da ke aure a Bilbis, can yankin Tsafe, ta zo Gusau ganin likitan ido. Ta sauka da ƙullin daddawa da kuka da ƙuliƙuli, da zaninta na saƙi da ba ta rabuwa da shi. Bayan an ci tuwon rana suna kan tabarma ita da Inna, ina bakin rijiya ina wanke-wanke, sai ta kwance bakin zani ta ciro waya ta dubi Inna.

"Binta, kin ga fim ɗin da ya tada hankalin ƙasarmu?"

Sai na ji muryata ta cika tsakar gidanmu. Kwanon da ke hannuna ya suɓuce cikin ruwa.

Inna ta karkata kai. "Muryar ga kamar na san ta."

"Bar ta muryar yarinya," in ji Gwaggo. "Saurari ta mai hular."

Ranar na fara jin muryar da Hamza ya ba mugun. In'ina yake yi. Kowace kalma sai ya yi ta fama da ita kafin ta fito, yana ki-ki-ki yana ba-ba-ba, Lona kuma tana wanke shi tas. Da a wani gari ne, abin dariya ne. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta waiga ƙofar gida, ta rage sauti, ta rage tata muryar.

"Kin ji in'inar? To can wajenmu kowa ya san wa anka nuhwa."

Ba zan rubuta sunansa a nan ba. A yankin su Gwaggo ma ba a kiran sunan, Mutumin kawai ake cewa kowa ya gane. Shi ke faɗin wanda zai yi noma da wanda ba zai yi ba a bayan Bilbis, kuma tun yana yaro yake da in'ina. An ce ya taɓa sa an ɗaure mutum a rana don kawai ya ƙarasa masa kalmar da ta maƙale.

"Yanzu ba a kiran fim ɗin da sunan da anka ba shi, fim ɗin Mutumin aka cewa," in ji Gwaggo. "Yara na ganin babura su ɓoye bayan danga su ce bindigar ce namijin. Yaran Mutumin da kansu sun kalla, wai har wasu sunka yi dariya. Mai shagon caji da ka tura ma mutane shi, sun zo sun tambaye shi wa yay yi shi. Har na taho bai iya ɗaga hannu nai na dama."

"Innalillahi," in ji Inna. "Su wa ka wannan ganganci?"

"Wasu 'yan birni da ba su san inda rana ka hwaɗuwa ba."

Wayar ta mutu ana tsakiyar harbe-harbe, ga shi babu wuta. Na goge hannu na ce Gwaggo ta kawo in jona mata a ɗan batirin cajina. Na shige ɗaki na tura ƙofa, na sa iyafis, na ja fim ɗin zuwa ƙarshe. Ban san abin da nake nema ba, zuciyata ce kawai ta ƙi kwanciya.

Kun san yadda masu fassara suke yi in fim ya ƙare, sunayen Turawa suna hawa sama su kuma suna jero gaisuwa: mai shayin ƙofar shago, mai gyaran janareta, abokan ƙwallo. Kuma ba sa kiran mutum haka kawai, sai sun haɗa shi da gidansu da sana'ar danginsa don a san da wa ake. Ga lambar wayar Hamza tana yawo a ƙasan hoto. Sai na ji ya gyara murya.

"Gaisuwa ta musamman ga wadda ta ba Lona murya. A Amurka an ɓoye sunan mai muryar, mu nan ba mu ɓoye namu. Ummulkhairi Tambaya Furfuri, ƙanwar Ɗahiru direba na tashar Tsahe."

Na zauna a ƙasa. 

Na tura masa saƙo: Ka zo yanzu. Ya iso kafin magariba, ba hula, rigar jiya a jikinsa. Ni ma ko hoda ban shafa ba, hijabin sallata na zura na same shi a zaure.

"Mi na ce maka? Daga ni sai kai sai wa?"

"Ummu, wallahi don in girmama ki na yi. Matar can ta mutu ba wanda ya san ita ta yi aikin. Na ce ni ba ni yi miki haka."

"Ita da ba a sa sunanta ba, a kan gadonta ta mutu cikin jikokinta, ko ba haka ba?"

Ban jira ya amsa ba na ɗora.

"In'inar hwa? Duk muryoyin duniya ka rasa wadda za ka ba shi sai ita?"

"Bakin nai ne ka daɗewa shina motsi, maganar kuma 'yar kaɗan. Ke kin cika naki da faɗa, ni na cika nashi da in'ina. Aiki ne kawai. Ni ban taɓa jin muryar Mutumin ba, ban taɓa wuce Tsahe ba a rayuwata." Ya nuna min wayarsa. "An yi ta kirana. In na ɗauka sai a yi shiru, ina jin iska da kukan shanu. Wani ya ce, kai ne mai fassara? Na cire layin na karya shi."

"Kai ka cire layi. Ni in cire mi? Sunan ubana?"

Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ya yanke gaisuwar daga wanda ke kwamfutarsa, ya zagaya shagunan turi na Gusau yana roƙo su goge tsohon. Amma abin da ya riga ya shiga memori ya hau mota ya tafi ƙauye, wa zai kamo shi? Ya ce bari ya shiga ya durƙusa gaban Baba ya faɗi komai, a san abin yi tun da wuri.

A nan ne ni ma na yi nawa. Na ce a'a. Na san in Baba ya ji na ɓoye a ɗakin ajiya ina yi wa saurayi muryar fim, maganata da Hamza ta mutu har abada, kuma duk da haushinsa da nake ji kamar in shaƙe shi, ina son sa. Na ce ya bari in fara shawo kan Yaya Ɗahiru ya bar hanyar, sauran ma ji da shi a hankali.

Washegari da safe na sami Yaya a ƙofar gida yana goge gilashin gwalf ɗinsa, da ƙosai a takarda kan murfin injin. Yaya Ɗahiru dogo ne mai yawan tsokana, shi ya goya ni ina ƙarama, kuma har na girma bai daina jan kunnena ba.

"Yaya, don Allah ka koma hanyar Bunguɗu mana. Ko na ɗan lokaci."

"Tashar gidanku ce? Sunana can yake a layi, motar kuma ba tawa ba. Yau ma kasuwa ta ci." Ya jefa ƙosai a baki, ya dube ni ta gefen ido. "Mi ya hwaru, Lona?"

Na waiga ƙofar gida ko wani ya ji.

Ya kwashe da dariya. "Tun yaushe 'yan tasha ka ce mani yayan Lona. Ni da na san kukanki tun kina zanen goyo, ƙara kauri za ya ɓoye mani muryarki? Ban hwaɗa ma Baba ba, kada ki damu." Sai ya daina dariyar. "Maganar ga da kinka yi, ranar da na fara jin ta sai da na faka gefen titi. Abin da Baba ya kasa hwaɗi ne."

"Yaya, sunanka na ciki. Da tasharku."

"Su wa ka tsayawa sauraren gaisuwa? Ana gama harbi kowa ka kashe waya." Ya ja kunnena. "Shiga gida, rana ta yi."

Na tsaya ina kallon motar har ta sha kwana. Na so in ruga in gaya wa Baba a lokacin, yana ciki yana sa takalmi. Na kai har ƙofar ɗakinsa, ya ɗago ya ce lahiya, na ce a dawo lafiya.

Bayan azahar Baba ya dawo cin abinci kamar kullum. Yana kan tabarma gindin darbejiya, Gwaggo tana ɗiga maganin ido, Inna tana zuba miya, ni ina kawo ruwa. 'Yar ƙaramar wayarsa mai tocila ta yi ƙara. Baba kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, don haka kowane kira a lasifika yake sa shi, duk gidan a ji.

"Ɗahiru ne," ya ce, ya danna. "Kun isa lahiya?"

Iska ce ta fara amsawa, da kukan saniya can nesa.

"Ma-ma-malam Tambaya?"

Kwalbar maganin Gwaggo ta faɗi ƙasa. Ta dafe ƙirji, bakinta yana motsi babu sauti.

"Shi ne," in ji Baba a hankali. "Wa ka magana?"

"Ɗa-ɗanka na wurina. Fasinja na sa-sallame su, ba da su nika yi ba." Yana magana yana tsayawa, ba wanda ya yi motsi a gidan har kowace kalma ta fito. "Ba ku-kuɗi nika so ba. Ɗiyarka za ka ba ni. U-ummulkhairi. Mai muryar."

"Wace murya?" Baba ya juya ga Inna. Inna ba shi take kallo ba, ni take kallo, ludayi a hannunta miya tana ɗiga a zaninta. Sai Baba ya bi idonta ya iso kaina. Ban san me ya gani a fuskata ba, amma na ga lokacin da ya gane. Bai yi fushi ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Tsufa na ga ya sauko masa lokaci ɗaya.

Ya mai da bakinsa kan wayar. Mutumin da ban taɓa jin ya yi ƙarya ba ko a cinikin tiya ɗaya ya ce, "Ba ni da ɗiya mai wannan suna gidan ga. Ɗiyata ta yi aure, tana Sakkwato."

Sai ƙarar wani abu mai nauyi a jikin mutum, sai muryar Yaya daga nesa, a shaƙe: "Baba, kada ka ba ta wa..." Aka sake bugawa, maganar ta yanke.

Ban san lokacin da na ajiye kofin ruwan ba. Na durƙusa gaban Baba na zare wayar daga hannunsa. Ya riƙe, amma babu ƙarfi a hannun.

"Assalamu alaikum," na ce.

Bai amsa sallamar ba. Na ji ya janye bakinsa daga wayar ya ce da na kusa da shi, "I-ita ce." Maza da yawa suka yi dariya, suka kuma yi tsit gaba ɗaya kamar an ɗaga musu hannu.

"Don Allah ka yi haƙuri," na ce, ina kuka. "Fim ne na Turawa, tun kafin a haife mu anka yi shi. Ba da kai nike ba. Yayana bai san komi ba."

"Kin yi ma-magana inda ba ni iya ba ki amsa," ya ce. "Duk ƙasar ga an ji taki. Ya-yanzu ki zo ki hwaɗa mani ita a gabana, in ba ki tawa. Ra-ranar da kinka iso, ranar shika komawa gida."

Layin ya katse.

Gwaggo ta fara salati da ƙarfi. Baba ya karɓi wayarsa daga hannuna ya sa a aljihu, bai dube ni ba. Ya daɗe yana kallon tuwon da ke gabansa. Sannan ya ce, "Binta, tashi ki kulle ƙohwar gida ki kawo mani mabuɗin. Yarinyar ga ba ta hita."

Inna tana tsaye da ludayin a hannu, idonta a kan ƙofar da Yaya ya fita da safe. Ba ta motsa ba.